Wace kalma za mu ba "soliloquy" a Hausa?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin adabi da ke koyar da wasannin William Shakespeare, marubucin nan na Ingila da aka haifa a garin Stratford a 1564, ya rasu a 1616. Yana neman sunan da zai ba ɗalibansa na salon da Turawa ke kira soliloquy, wato inda ɗan wasa zai tsaya a kan dandamali ya fito da abin da ke cikin ransa a fili, alhali ba da abokan wasansa yake magana ba.

Mafi yawan waɗanda suka amsa sun ce a kira shi "zancen zuci", kuma ban ga laifinsu ba, domin kalmar tamu ce, marubutan labarai sun daɗe suna aiki da ita. Sai dai zancen zuci ba a jin sa, a ciki yake farawa, a ciki yake ƙarewa. A gidan wasa na Globe kuwa, wanda aka gina a Landan a 1599, inda aka nuna da yawa daga wasannin Shakespeare, da rana ake wasa, tsakiyar gidan ba rufi, talakawan da suka biya kwabo guda suna tsaye daf da dandamali, ɗan wasa yana kallon fuskokinsu suna kallon tasa. Saboda haka idan Iago ya tsaya a cikin wasan Othello yana zayyana makircin da yake ƙulla wa ubangidansa, to masu kallo yake mayarwa abokan sirrinsa, su san abin da Othello bai sani ba.

Wani ya kawo "sambatu". Wannan kam ban yarda da ita ba, kuma Shakespeare da kansa ya raba mana gardama. Matar Macbeth da ke yawo cikin barci tana murza hannuwanta don ta wanke jinin da ba kowa ke gani ba sai ita, ita ce mai sambatu. Hamlet da ke auna rayuwa da mutuwa yana cikin hankalinsa sarai, hujja yake ɗorawa a kan hujja.

Sai "maganar kaɗaici", wadda ta bi asalin kalmar a Latin, inda aka haɗa kaɗaita da yin magana. Matsalarta biyu ce: kaɗaici a kunnen Bahaushe yana jawo tunanin kewa, sannan a wancan shahararren jawabi na Hamlet kan rayuwa da mutuwa ma ba shi kaɗai ba ne, masoyiyarsa Ophelia tana wurin, sarki Claudius da mahaifinta Polonius kuma sun laɓe suna saurare.

Ni dai abin da na fi natsuwa da shi shi ne "furucin zuci". Furuci ba ya tabbata sai an buɗe baki, zuci kuma ya nuna inda maganar ta fito. Ta haka kuma za mu bambanta shi da jawabin Antony a wajen jana'izar Julius Caesar, wanda taron Rumawa yake yi wa domin ya tunzura su. Na gwada kalmar a jimla, na ji ta zauna: wasan Richard III da furucin zuci ya buɗe, Hamlet kuwa galibi ana ƙirga masa guda bakwai.