Na goge WhatsApp da Facebook, yanzu 'yan uwa na cewa na yanke zumunci

Telan Ƙofar Sauri:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, abin ya tsaya mani a rai. Ni tela ne, tun cikin azumin da ya wuce na goge Facebook da TikTok da WhatsApp gaba ɗaya, babbar wayar ma na ba ƙanena na sayi 'yar ƙarama mai tocila. Wannan rubutun da kwamfutar maƙwabcina mai shagon fotokwafi nake yin shi. Dalili kau, na lura ina zaune kan keke ɗinkin mutane na jirana amma hannuna na kan waya, in ce bari in duba minti biyu kafin in ɗago kai an kira la'asar, da dare kuma sai ƙarfe ɗaya ko biyu ina kallon bidiyon mutanen da ban san su ba, asuba ta riƙa wuce ni. Ga kuɗin data, tun ƙarin nan na kashi 50 da aka yi a farkon 2025 abin ya fara taɓa kuɗin cefane.

Wallahi na ji daɗin barin. Barci ya dawo, ɗinkin sallah na gama shi kan lokaci, yarana sun fara kawo mani allo in ji karatunsu.

Tau amma sati biyu da suka wuce gwaggona ta rasu a Rimi, ƙanwar mahaifinmu, ita ta goye ni ina yaro. Cikin dare ta cika, aka sa a guruf ɗin gidanmu, aka yi jana'iza da safe. Ni ina shago ina yanka shadda, wajen azahar wani abokina ya faka mashin ya shigo ya miƙo mani hannu ya ce ashe an yi rashi, ya haƙuri. Na ce wa ya rasu? Almakashin na hannuna na kasa aje shi. Da na isa Rimi na yi wa Yaya magana, sai ya ce ai an sa a guruf, kai ka fidda kanka, yanzu wa ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Har yau in na tuna ban sallace ta ba sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Shin in koma ne ko ko in daure?

Maman Ilham:
Allah ya jiƙan gwaggo ya sa ta huta. Malam gaskiya ni dai shawarata ka maido WhatsApp shi kaɗai, sauran ka bar su can. Ni ina cikin gida a Rafin Daɗi, turaren wuta da humra nake saidawa, ba shago gare ni ba, sitatus shi ne shagona, in ban ɗora ba ranar ba ciniki. Kai ma ai sana'arka ta shafa, mu mata yanzu hoton ɗinki muke turawa tela mu ce irin wannan nake so, in ba ka da inda za a turo maka wani za a kai mawa. Kuma mamata na Daura ba ta iya karatun boko ba amma kullum da safe sai ta danna ta turo mani saƙon murya, tana sa wa jikoki albarka ɗaya bayan ɗaya da sunansu, in na yi kewarta in sake kunnawa in saurara. Wannan ba zan iya barin shi ba.

Ɗan Batsari:
Allah ya gafarta mata. Ɗan uwa mu mun ɗanɗana rashin waya ba don muna so ba. A watan Satumba na 2021 lokacin Gwamna Masari aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, mu da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da sauransu, sai wajen ƙarshen shekara aka fara maido shi. In kana son kira sai ka hau mota ka nufo Katsina, kana shigowa inda sabis yake ka ji wayoyin cikin mota sun ɗauki ƙara gaba ɗaya. Mutanen Jibiya wasu layin Nijar suka riƙa nema. Mun koma rubuta takarda a ba direba a tasha, a ce don Allah ka ba wane a kasuwa.

Abin da na gane a wannan watannin, ba Facebook muka yi kewa ba, ba wanda na ji yana kukan shi. Kira muka yi kewa, ka ji muryar mutum ka san yana raye. Kai kuma ai ba ka yar da waya ba, lambarka na nan tana shiga. Don haka ni ban ga laifinka ba, mutuwar wadda ta goye ka ba abin da za a jefa a guruf tsakanin katin biki da tallan atamfa ba ne a ce an gama sanarwa. Mutum nawa ne a guruf ɗin, a rasa mutum ɗaya da zai ce an faɗa ma wane kuwa?

Malam Na Kusugu:
Yaro Allah ya ba ku haƙuri. Ni na yi ritaya daga koyarwa a nan Daura, shekara biyu ke nan ba na kan komai sai kira da rediyo. Da can in an yi haihuwa goro ake rabawa gida gida, wanda ya kawo goron sai ya zauna an gaisa ya sha ruwa ya ga marar lafiyar gidan, rasuwa kuma a tashi yaro da keke ko a kai sanarwa gidan rediyo. Wahala ce amma a cikin wahalar nan ake ganin juna.

Abin da ya fidda ni, wani ɗalibina ya yi hatsari a hanyar Kano, kafin manya su shirya wanda zai je ya faɗa wa iyalinshi cikin hikima, matar ta ga hoton motar da shi kwance a sitatus ɗin wani. Ranar na ce na bar shi.

Ga yadda na yi, na kira ɗan ƙanena na ce kai ne kunnena, duk abin da aka sa a guruf na mutuwa ko ciwo ko ɗaurin aure ka buga mani ko filashin ne, ina sa mashi kati lokaci lokaci. Kuma duk Juma'a in an sauko masallaci gida biyu nake shiga na 'yan uwa kafin in koma nawa. In ka bar waccan hanyar sai ƙafarka ta ƙara aiki, in ba haka ba maganar yayanka za ta zama gaskiya. Kar ka riƙe shi a rai, shi ma rashin ya taɓa shi.

Maman Ilham:
Baba Malam gaskiya ne, amma mu da ba kullum muke fita ba fa? Gida biyu duk Juma'a namiji ke iyawa.

Telan Ƙofar Sauri:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na je gidan Yaya mun daɗe a zaure, ya ce shi ma a ruɗe yake daren, ya ɗauka wani ya kira ni. Babbar ɗiyarshi ta karɓi aikin, ta rubuta lambata ta manna a bayan wayarta. Maganar kwastomomi kuma Hajiya kin yi gaskiya, mata uku sun kwashe kayansu wannan watan. Ina tunanin sa WhatsApp a wayar yaron shagona a bar ta cikin durowa, in an rufe shago a kulle da ita. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu za ni Rimi, akwai mijin gwaggo ya tsufa sosai kuma shi ko ƙaramar wayar ba ya da ita.