Bayanan sa ido kan ƙyanda: me mujalla za ta nema kafin ta karɓa?

Jami'in sa ido, Marwa:
Assalamu alaikum. Muna da alƙaluman ƙyanda na distirik na shekara uku, daga DHIS2 (manhajar tara bayanan lafiya) da jerin sunayen waɗanda suka kamu. Muna son mu mayar da su maƙala. Tun da aikin yau da kullum ne ya tara su, ba bincike ba, dole ne sai mun je kwamitin ɗa'a, mai ba da izinin bincike? Kuma wace mujalla ce za ta karɓi Faransanci?

Likita, Garwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka je, tun kafin ka rubuta layi ɗaya. Tara bayanan aikin hukuma ne, amma ranar da ka ɗauke su don bugawa hukuncinsu ya sauya. Ba marubuci ke yanke cewa aikinsa bai buƙatar izini ba, kwamiti ne, kuma edita zai nemi sunan kwamitin da lambar takardar, ko da takardar yafewa ce. A Kamaru akwai CNERSH, kwamitin ɗa'a na ƙasa, a Yawunde da kwamitocin yanki. Ban da wannan, bayanan na Ma'aikatar Lafiya ne, don haka ka samo rubutaccen izini daga delegen lafiya na yanki. Mujallu da yawa ba sa yarda da izinin da aka samo bayan an gama aiki.

Kafin fayil ɗin ya bar ofis, cire suna, lambar waya da cikakkiyar ranar haihuwa. Ƙauyen da ke da mutum biyu ko uku kacal a haɗa shi da maƙwabtansa a tebur, domin a ƙaramin gari shekaru da jinsi kawai sun isa a gane ɗan wane ne.

Malamar jami'a, Ngaundere:
Dakta ya yi gaskiya, amma a ganina ba nan aka fi faɗuwa ba. Masu bita sun fi mayar da irin wannan maƙala saboda an cakuɗa waɗanda ake zargin sun kamu da waɗanda aka tabbatar. Ka rubuta ma'anar wanda ake zargi da ƙyanda bisa SIMR, tsarin sa ido kan cututtuka, ƙarara: zazzaɓi da ƙuraje, tare da tari ko mura ko jan ido. Sannan ka raba su uku: waɗanda gwajin jini na IgM ya tabbatar, waɗanda aka danganta da wanda aka tabbatar, da waɗanda alamomi kaɗai aka gani. Ka faɗi samfurin jini nawa aka aika, nawa sakamakonsu ya dawo.

Sai cikar rahoto da zuwansa kan lokaci, kowace shekara daban. Mizanin shi ne kashi 80 cikin 100. In asibitocin kan iyaka sun daina aiko rahoto saboda rashin tsaro, adadin zai sauka kamar cutar ta ragu, alhali shiru ne kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan jama'ar da ake raba alƙaluman da shi wajen lissafin kaso. Hasashe ne daga ƙidayar 2005, kuma a Arewa Mai Nisa mutane sun yi ta ƙaura, ga 'yan gudun hijira a sansanin Minawawo. Shi ya sa ake ganin rigakafi ya haura kashi 100. Kada ka ɓoye wannan, ka sa shi a sashen gazawar binciken. Ka bi jerin STROBE na abubuwan da ya kamata maƙala ta faɗa, da ƙarinsa RECORD, wanda aka yi don bayanan yau da kullum, ka haɗa shi da maƙalar.

Mai bitar maƙalu, Njamaina:
Kan harshe: Pan African Medical Journal na karɓar Faransanci da Ingilishi, amma ana biyan kuɗin bugawa, ka duba adadin tun farko. Emerging Infectious Diseases ba ta karɓar kuɗi, sai dai Ingilishi take so, kuma sai in akwai sabon abu. Mujallar da ta aiko maka imel tana alkawarin bugawa cikin mako guda, ka neme ta a kundin mujallu na DOAJ ko AJOL kafin ka amsa. Kada ka tura wa mujallu biyu lokaci ɗaya.

Batun sunayen marubuta ku zauna a kai yanzu. Ƙa'idar ICMJE, kwamitin editocin mujallun lafiya, sharaɗi huɗu ne, kuma sai an cika duka: hannu a tsarawa ko tarawa ko nazari, hannu a rubutu, amincewa da kwafin ƙarshe, da ɗaukar alhaki. Shugaban da ya sa hannu kan izini kawai wurinsa sashen godiya. Manajan bayanan da ya tsaftace jerin kuwa, a ba shi daftarin ya gyara, sunansa ya shiga.