Neman kalmar Hausa: me za mu kira kandidemiya?

Malamar jinya, Birnin Kebbi: Jama'a, muna rubuta takardar wayar da kan masu jinya, mun tsaya cak a kan kandidemiya, wato cutar shigar ƙwayar kandida cikin jini. Wasu sun ce mu sa "funfunar jini", hunhuna a bakin mutanenmu. Ni dai ba ta kwanta mini ba.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Gusau: Da gaskiyarki, Malama. Funfuna ita ce mai fitowa kan tuwon da ya kwana biyu, dangin Aspergillus ke nan, kuma da wuya a ga wannan ta tsiro a kwalbar gwajin jini. Kandida kuwa dangin yis ce. Tana zaune lafiya a baki da hanji da fatar mutum, sai ta samu ƙofa: robar da aka zura a babbar jijiya, tiyatar hanji, abinci ta jijiya, wankin ƙoda, ko daɗewa ana ɗirka wa majinyaci antibayotik masu ƙarfi. Jarirai bakwaini na sahun gaba. "Yis a jini" fa?

Mai harhaɗa magunguna, Argungu: Yis zai tuna wa mutane burodi, Malam. Ku kuma guji "sanyin jini". Da an ji sanyi sai a nufi kemis ko mai maganin gargajiya, alhali wannan cuta kisa take yi.

Likita, Gusau: Ni na fi son sunan ya rarrabe ta da bakteriya, don a nan ake tafka kuskuren. Zazzaɓi ya ƙi sauka, sai a yi ta sauya antibayotik, a ce maleriya, a ce taifot. Gwajin jinin ma kusan rabin masu cutar yake kamawa, shi ya sa ake ɗibar mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba, a jira kwana 5. In ta tsiro ko a kwalba ɗaya ce, ba a cewa datti ne ya shiga. A cire robar in zai yiwu, a duba idon majinyaci, a riƙa maimaita gwajin, a ci gaba da magani kwana 14 daga ranar da jinin ya fara fitowa fes. Sunan nau'in ma dole a rubuta shi: Candida krusei ba ta jin maganin fulukonazol, parapsilosis tana bin hannun ma'aikata da robobi, auris da aka fara ganowa a Japan a 2009 tana maƙalewa a gado da kayan aiki. Shawarata: "fangas a jini" ga cutar gaba ɗaya, tunda fangas ya haɗa funfuna da yis, "kandidar jini" ga wannan.

Malamar jinya, Birnin Kebbi: Madalla, Likita, haka za mu sa. A ƙasa zan ƙara cewa ƙwayar da ke sa farin harshe ga jarirai ce ta shiga jini, sannan kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa wurin robar.