Motata ta yi tauri kamar amalanke, ina neman shawara

Assalamu alaikum ƴan uwa, musamman masu gyaran mota. Ina da Toyota Corolla ƴar Kwatano, wata biyar ke nan a hannuna. Inji lafiya lau, amma kowane ɗan rami sai na ji shi har cikin ƙugu. Ranar da na kai Hajiyarmu Madarunfa, da muka sauka cewa ta yi gara kabu-kabu.

Mai faci ya ce iska ta yi yawa, ya rage daga bar 2,8 zuwa 2,2. Ta ɗan yi dama, kaɗan dai. Na canza shokar gaba biyu a wani gareji a nan Maradi, kuɗi sun tafi, tauri yana nan.

Abin da nake zargi yanzu ƙafafun ne. Wanda ya sayar mini ya sa mata rim mai inci 17 da siraran tayoyi, don kwalliya. In na koma inci 15 da taya mai kauri, za ta yi laushi? Ko sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, aka sa mata mai ƙarfi, ko robobin ƙasa suka bushe? Wanne zan fara dubawa kafin in sake kashe kuɗi?