Masu baje kolin ƙananan jiragen ƙasa, da me kuke rufe tebur?

Baban Ilham, Leeds: Assalamu alaikum. Kulob ɗinmu zai kai layin dogonmu na kwaikwayo, mai ma'aunin girman da ake kira OO, baje koli wata mai zuwa, ni aka ɗora wa nemo yadin rufe tebur da sauran tarkace. Ku da kuka saba fita, ya kuke yi?

Ɗan Zazzau, Birmingham: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taka kasuwa, karanta takardar da masu shirya taron suka aiko. A nan Ingila yawancinsu sukan sa sharaɗi cewa yadin ya zama wanda ba ya saurin kama wuta, kayan lantarki kuma a yi musu gwajin PAT, wato gwajin tabbatar da ba su da haɗari. Da idona na ga an sa wani dattijo ya kwance labulensa tun ba a buɗe ƙofa ba. Haka ya wuni, kwalaye da wayoyi da fulas ɗin shayinsa duk a fili ƙarƙashin tebur. Launi kuwa, baƙi ko shuɗi mai duhu, don idon ɗan kallo ya tsaya a kan jirgi.

Maman Sadiq: Ni nake ɗinka wa maigidana nasa. Kada ku buga da ƙusa. A manna Velcro, maɗaurin nan mai ɓari biyu da ke kama juna kamar na takalmin yara, a bakin katakon, a ɗinka ɗaya ɓarin a jikin yadin, sai ku ɗaura ku cire cikin minti kaɗan. Tsawonsa ya tsaya kamar inci 2 kafin ƙasa. In ya ja ƙasa, yaro ɗaya ya taka, to ya fizgo har da taragai. A yanka shi gida-gida kuma, domin in waya ta tsinke sai an kutsa ƙarƙashi. Abin da mutane ba sa lura da shi: in maganin wutar fesa shi aka yi, wanki yana fitar da shi. Burushi kawai nake sa wa namu.

Baban Ilham: Hajiya, ni da na yi niyyar atamfa.

Maman Sadiq: Ai sai a zo kallon zanen a manta da jirgin!

Abu Hanif, Dortmund: Mu nan Jamus molton muke saye, irin na labulen dandali, mai shaidar B1 ta rashin saurin kama wuta. Yana da nauyi, ba ya ƙyalli, sai dai yana kwasar ƙura. Wanda zai zo Intermodellbau, bajen kolin da ake yi a nan Dortmund, da kaya daga Ingila ya taho da mahaɗin fulogi, don mai ƙafa uku irin na gida Najeriya ba ya shiga soket ɗinmu.

Ɗan Zazzau: Akwatin tarkace kuma, lebur irin na magina shi ne farko, da guntayen falanki na sa wa ƙafar tebur. Daɓen ɗakin taro ba ya taɓa zama daidai, za ka ajiye tarago ka ga yana gangarawa shi kaɗai. Sai robar goge layi da tsumma, domin wuni guda ana gudu layin yakan yi baƙi, kan jirgi ya riƙa tsayawa a gaban jama'a. Ƙara da tocila, ƙaramin sukundireba, gam, doguwar waya mai soket huɗu, da salatif mai faɗi na danne ta a ƙasa.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. Hajiya, tsawon ƙafa 12 ne har da gefe biyu, yadi nawa zan yanko?