Wai me ya haɗa Goethe na Jamus da Hafiz na Shiraz ne?

Maman_Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga hoton wasu kujeru biyu na dutse suna kallon juna a garin Weimar na Jamus, wai na tunawa da mawaƙan nan biyu ne, Goethe na Jamus da Hafiz na Farisa, shugaban Iran Khatami da na Jamus Johannes Rau suka buɗe wurin a 2000. To abin da ya ɗaure min kai, Hafiz ya rasu wajen 1390, Goethe kuwa sai 1749 aka haife shi, ina suka san juna dan Allah?

Abu_Sadik: Wa alaikumus salam hajiya, a takarda suka haɗu. A 1814 ne diwanin Hafiz ya shigo hannun Goethe, fassarar wani ɗan Austiriya Joseph von Hammer, lokacin ya haura sittin ga Turai ta jigata da yaƙe-yaƙen Napoleon, sai waƙoƙin suka kama shi sosai har ya kira Hafiz tagwayensa, ya zauna ya rubuta nasa diwanin West-östlicher Divan ya fito 1819. A ciki akwai babin Suleika, waƙoƙin soyayya tsakanin Hatem da Suleika, Goethe ne Hatem ita kuma wata mata mai suna Marianne von Willemer ce Suleika, kuma wasu baitocin ma ita ta rubuta su amma suka fito da sunansa.

Danbaba: Malam ni fa ina da ja. Mutumin da ta fassara ya karanta Hafiz, bai ji kari da amsa-amon gazal ɗin, wato salon waƙar Hafiz, a bakin masu shi ba, anya ba Hafiz na cikin kansa ya ƙera ba? A Iran har yau a daren Yalda, bikin dare mafi tsawo a shekara, iyali na buɗe diwanin nan su karanta baitin da ya fito, wannan zaman ba a samunsa a fassara.

Abu_Sadik: Maganarka na kan hanya Danbaba, amma ai Gabas ta amsa masa. Mawaƙin nan Muhammad Iqbal da ya yi digirin dakta a Munich ya fitar da Payam-e-Mashriq a 1923, da Farisanci, takanas don mayar wa Goethe martani. Ga Rückert kuma, wani mawaƙin Jamus, shi ya iya Farisanci da gaske, ya dinga rubuta gazal da Jamusanci.

Maman_Hanan: Allah ya ƙara ilimi malam. Ni dai Marianne ɗin nan ce ta tsaya min a rai wallahi, wanne ne baitocin nata in fara da su?