Neman shawara: an yi wa ɗana gwajin natsuwa, takardar ta hana ni barci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. A Garwa nake, ɗana shekararsa 14, baɗi zai zauna BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Kansa na ja, amma garaje ya yi masa yawa. Malami bai rufe baki ba ya riga ya amsa, in na aike shi abu uku a kasuwa da ɗaya zai dawo, ga saurin hannu da 'yan ajinsu. Mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu ya tura mu wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam. Ta ba shi takardu masu zanen lunguna, ya bi da fensir har ya fita ba tare da ya ɗaga hannu ba, sai wani katako mai sanduna uku da ƙwallaye uku masu launi, ya jera su yadda ta nuna masa a hoto. Daga baya ta rubuta da Faransanci cewa yana da rauni wajen tsara abu kafin ya yi shi, da wajen kame kansa. Babansa ya ce kuɗi kawai muka zubar, a cire shi a kai shi gareji. Kakarsa ta ce tofi yake bukata. Ni dai ku gaya mini, taɓin hankali ne ke damun yaron?

Malamin makaranta, Marwa:
Wa alaikumus salam. Maman yaro, ki kwantar da hankalinki, wannan takardar ba ta ce haka ba. Na lungunan shi ne gwajin Porteus, wani mutumin Ostareliya ya fito da shi tun wajen 1914. Ba fita kaɗai ake dubawa ba, har da yadda yaro ya bi hanyar: ya tsaya ya leƙa gaba kafin ya sa fensir, ko ya afka lungun da ba ya ɓullewa, ya tsallake layi, ya yanke kwana. Na ƙwallayen kuma wani masani ɗan Birtaniya, Tim Shallice, ya tsara shi a 1982, ana ƙirga motsi nawa yaro ya yi da kuma daƙiƙa nawa ya yi yana tunani kafin ya taɓa ƙwallon farko. Duka biyun aikin gaban ƙwaƙwalwa suke leƙawa, wurin da ke riƙe mutum kada ya yi abu kafin ya auna, kuma wannan wurin ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Ɗan 14 da sauransa. Abin da zan so ki tambayi masaniyar: da yaran ina ta auna makinsa? Yawancin ma'aunan nan a kan yaran Faransa ko Amurka aka gina su. Kuma da wane yare ta yi masa bayani? Yaron da ke tunani da Hausa ko Fulatanci, aka zuba masa umarni da Faransanci a gaban baƙuwar fuska, zai iya yin sauri don kawai ya huta.

Hajiya, Ngaundere:
Ni abin ma dariya yake ba ni, wai sai an zana lungu kafin a san yaro na da rawar kai! Wace uwa ce ba ta sani ba? Tofin kakarsa a yi, addu'a ba ta ɓata komai. Amma cire shi daga boko da BEPC a bakin ƙofa, a'a wallahi.

Ma'aikaciyar jinya, Njamena:
Hajiya, uwa ta san yana da rawar kai, amma ba ta san a ina tunanin ke yankewa ba, gwajin ke nuna wannan. Kuma kada a ɗauka Turawa sun fi mu haƙuri a irin waɗannan gwaje-gwajen. A Kamaru ɗinku masu bincike daga Jamus sun gwada yaran ƙabilar Nso 'yan shekara 4, can Arewa maso Yamma, aka ajiye musu fanke aka ce wanda ya jira minti 10 zai sami biyu. Kusan kashi 70 cikin 100 sun jira, yaran Jamus ko kashi 30 ba su kai ba. A 2017 aka fitar da sakamakon. Tarbiyya da muhalli na shiga ciki sosai. 'Yar uwa, gwajin wuni ɗaya ba ya isa a ce yaro na da TDAH, wato larurar rashin natsuwa da yawan rawar kai, sai an ga halin ya faro tun kafin shekara 12, kuma yana bayyana a gida da makaranta duka. A duba idonsa da kunnensa, a duba ƙarfe nawa yake barci, ko waya na hannunsa da dare. Kuma ki yi haƙuri da wannan maganar, ki lura da abokansa saboda tramol.

Bakanike, Kusseri:
A gaya wa Alhaji gareji ba wurin jefar da mai garaje ba ne. Yaron da zai kwance inji bai jera notuna bi da bi ba, da yamma zai tsaya yana kallon guda biyu a hannunsa. In zai zo, ya zo lokacin hutu, zan so haka ma, don aikin na koya wa yaro tsayawa ya duba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Barcin kam gaskiya ne, sai sha biyun dare yana ƙwallo a wayar yayansa. Malam, in na koma me zan ce mata? Faransancina ba ya nisa.

Malamin makaranta, Marwa:
Ki tafi da wanda zai fassara miki, zai fi kyau babansa ya bi ki ya ji da kunnensa. Ki ce ta nuna miki takardun da yaron ya zana, ta nuna inda ya yi kuskuren, sannan ta rubuta wa malamansa abin da za su yi masa a aji. A gida kuma, aike ɗaya ɗaya, ya maimaita miki da bakinsa kafin ya fita. Wayar ta riƙa kwana a ɗakinki.